Katan Saba'in a Kan Ɗakin Verna

Ranar da aka binne tsoho Thaddeus Pruitt, mutum shida cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabarin ba don Allah suka zo ba. Masu neman tsofaffin faya-fayan garmaho ne na garin Cleveland. Sun sha baƙaƙen kwat, sun sunkuyar da kai, amma zuciyar kowannensu tana can gidan mamacin tana zagaya kantocin da ya bari. Cornell Whitlock, tsohon direban bas da ya yi ritaya bara, yana cikinsu. Shi kam har hawaye ya yi, kuma hawayen gaskiya ne, sai dai ko shi ba zai iya rantsewa a kan abin da yake yi wa kukan ba.

Shekara goma sha tara ke nan Cornell yana bin sawun abu guda. A bakin masu harkar ba a ma kiran sunan mawaƙan, Jan Faifai kawai ake cewa. Wasu ma'aikatan masana'antar ƙarfe ne su biyar suka rera waƙoƙin coci takwas a 1971, aka buga musu kwafi sittin kacal a kan jar roba, suka bi kowanne suka rubuta masa lamba da biro. Masana'antar ta rufe, mawaƙan suka bi juna lahira, faya-fayan suka watse cikin duniya. Tara kaɗai aka san inda suke. Sau biyu ɗaya yana fitowa a gwanjon intanet, sau biyu wani yana shan gaban Cornell ana saura daƙiƙa uku a rufe. Ya bi shaguna har Detroit da Pittsburgh, ya durƙusa a gaban akwatunan 'yan gwanjo har gwiwoyin wandonsa suka koɗe. Sau ɗaya tak ya taɓa jin faifan da kunnensa, a falon tsoho Pruitt, wanda ya ɗora shi a garmaho, ya bari waƙa ɗaya ta ƙare, ya ɗage allura ya ce, "Ya ishe ka haka, yaro." Tun daga ranar Cornell bai sake zama lafiya ba.

Washegarin jana'iza ya wuce shagon abokinsa Hollis, mai sayar da tsofaffin faya-fayai, ƙaton mutum da ba a rabuwa da tsinken sakace a bakinsa. Hollis bai ko bari ya rufe ƙofa ba.

"Ga ungulu ta farko ta sauka. Ka ji sharaɗin Mama Odessa, matar marigayin?"

"Wane sharaɗi kuma?"

"Duka ko babu. Ta ce ba za ta zauna ku tsince mata naman ku bar ta da ƙashi ba. Wanda zai saya ya kwashe duka zuwa ranar Asabar, don ta sayar da gidan, za ta koma wurin 'yarta a Atlanta. Kuma ba wanda zai zauna mata a falo yana bincike."

"Ai haka ake yi. Kai me ya hana ka saya?"

"Faifai dubu shida ne, mutumina. Katan saba'in. In zuba su a ina, a kaina?" Hollis ya juya tsinken zuwa ɗaya gefen bakinsa. "Kuma ka san halin tsohon. Tun da ɓarayi suka taɓa shigar masa ya daina barin faifai mai tsada a cikin rigarsa. Jan Faifan nan yana iya zama a rigar waƙar yara, ko ta koyon rawa. Sai ka zare dubu shidan ɗaya bayan ɗaya."

Riga dai ita ce jakar kwalin da kowane faifai yake zuwa a cikinta, mai hoton mawaƙa a gaba.

"Ina da lokaci," in ji Cornell.

"Lokaci kana da shi. Wuri fa?"

"Ɗakina na sama."

Hollis ya cire tsinken daga bakinsa, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi. "Ɗakin da ka riga ka loda wa dubu takwas? Cornell, faifai ɗaya a hannu ba ya da nauyi, shi ya sa yake yaudarar mutane. Ka ɗaga katan ɗaya ka ji. Gidanka na katako ne, ya girmi ubanka. Waye ma yake kwana a ƙarƙashin ɗakin?"

Cornell ya ɗauki wani faifai a kan kanta yana juya shi kamar yana karantawa. Hollis ya san amsar, ya dai tambaya ne don ya ji ta daga bakinsa.

Verna ce take kwana a wurin, matar Cornell, shekara talatin da huɗu da aurensu. Mako shida ke nan da aka yi mata aikin ƙugu aka sa mata na ƙarfe, likita ya hana ta hawa bene, sai tafiya da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Da hannunsa Cornell ya gyara mata ɗaki a ƙasa. Har bangon da ya raba ɗakin cin abinci da ɗan ɗakin ɗinkinta ya rushe, don gadon asibiti ya shiga kuma ta sami wurin juyawa. Ya yi alfahari da aikin nan, ya nuna wa duk wanda ya zo dubiya. Kada wani ya ce Cornell ba ya son matarsa. Yana son ta ƙwarai, shi yake dafa mata shayi, shi yake sa mata safa. Bai dai tambayi kowa ba ko bangon da ya cire yana riƙe da wani abu.

A gidan mamaci, Mama Odessa ba ta ja ciniki ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, ta kalli Cornell sama da ƙasa ta ce ita ba kuɗin ne ya dame ta ba, a dai fitar mata da su. Ta sauka da shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa don ya ɗebi igiya da sauran katan. A nan ya ga wasu ginshiƙan ƙarfe guda huɗu, masu kauri kamar cinyar mutum, an kafa su a tsakiyar ɗakin suna tokare da daɓen falo.

"Mama, waɗannan ƙarafan fa?"

"Thaddeus ne ya kafa su, shekarar da ƙofar falo ta daina rufuwa. Ya ce in ba haka ba wata rana muna zaune za mu tsinci kanmu a nan ƙasa, mu da kujerun." Ta dafa ɗaya ta bubbuga shi. "Kai a ina za ka zuba su, ɗana?"

"Akwai wuri, Mama."

"Shi ma haka ya ce min shekara hamsin."

Duk mai hankali da ya sami kansa da katan saba'in zai zuba su a gareji ya rufe. Amma mu masu wannan ciwo ba ma cikin masu hankali a irin wannan wuri. Gareji akwai sanyi da zafi, suna lanƙwasa faifai. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, duk watan Maris in ƙanƙara ta fara narkewa ruwa yana tsattsafowa a na Cornell, danshi ya kama riguna su yi fumfuna. Falo ya cika da kaya, kuma nan ce hanyar Verna zuwa banɗaki. Ya zauna ya yi wannan tunanin tsaf, ya auna abin da zai cutar da faifai ɗaya bayan ɗaya, ya fito da amsar da ya shiga da ita.

Ranar Asabar da safe ƙarti biyu suka zo da motar ɗaukar kaya. Verna tana zaune a bakin gado, ƙofa a buɗe, tana kallon katan yana wucewa ta gabanta yana hawa bene.

"Cornell, wai farantan nan naka da ba a cin abinci a ciki, haihuwa suke yi?"

"Na 'yan kwanaki ne, uwargida. Da na ga abin da nake nema, sauran za su fita."

"Haka ka ce da na wancan mutumin na Akron. Suna nan har yau, sun fi ni daɗewa a wasu ɗakunan."

Bangon ɗakin sama duk kantoci sun rufe shi daga ƙasa har rufi, saboda haka a tsakiyar ɗakin aka yi ta jera katan ɗin, hawa uku, aka bar 'yar hanya tsakani. Da aka kai na hamsin, babban cikin ƙartin ya sauke nasa, ya tsaya, ya ɗan danna ƙafa a daɓen katakon sau biyu. Sai ya ja da baya zuwa bakin ƙofa.

"Yallaɓai, ɗakin nan yana amsawa fa."

"Tsohon gida ne, haka yake yi."

"Na shekara ashirin ina ɗaukar kaya, na san kukan tsohon gida. Wannan ba shi ba ne." Ya share zufa. "Sauran ashirin ɗin za mu kawo maka su bakin ƙofa. Ni dai ba zan sake taka tsakiyar nan ba, ina da 'ya'ya."

Cornell ya ji haushi, ya kira shi rago a zuciyarsa. Da kansa ya ja sauran ya shigar, har bayansa ya riƙe.

Ranar Lahadi bayan an sauko daga coci ya fara. Ya buɗe katan, ya zaro riga, ya leƙa bakinta: baƙi. Ya mayar, ya zaro wata: baƙi. Da leƙen kawai zai tsaya da aikin ya yi sauri, amma tsoho Pruitt ya yi shekara hamsin yana tara abubuwan da Cornell sai a hoto ya taɓa gani, kuma kowanne yana ɓoye a rigar da ba tasa ba. Sai ya tsaya ya goge wannan, ya ɗaga wancan a hasken taga yana neman karce, ya ɗora wani a garmaho ya ji. Wuni guda katan tara kaɗai ya gama. Waɗanda ya gama kuwa bai sauko da su ba. Ina zai kai su? Kuma bayansa yana ciwo. Ya ce in ya kammala sai ya kira ƙartin nan su kwashe a sawu ɗaya.

Litinin da safe ya kawo wa Verna shayi, ƙofar ɗakinta ta cije a sama, sai da ya sa kafaɗa. Shayin ya zube a tire.

"Jiya lafiyarta lau," in ji Verna.

"Danshi ne. Katako yana kumbura in ƙanƙara ta fara narkewa."

Ya ɗauko abin firar katako ya aske saman ƙofar, ta koma tana buɗewa sumul. Ya share ɓawon katakon, ya sumbaci goshin matarsa, ya hau sama.

Ranar Talata allurar garmahonsa ta fara tsalle. Ya ɗora wani faifai mai kyau, bai kai rabin waƙa ba hannun allurar ya zame ya yi ciki, ya bar ƙara mai sa haƙori tsami. Nan Cornell ya ji gabansa ya faɗi da gaske, domin irin wannan zamewar tana iya yi wa faifai tabon da ba ya gyaruwa. Yana da ɗan ma'aunin daidaito mai ruwa da 'yar kumfa a ciki, irin na magina, da yake ajiyewa kusa da garmahon. Ya ɗora. Kumfar ta gudu gefe. Shekara goma sha biyu teburin nan yana wurin bai taɓa karkata ba, yau ya sunkuya wajen tsakiyar ɗaki. Cornell ya kalli kumfar. Daga nan ya yago takarda, ya ninka ta huɗu, ya cusa a ƙarƙashin ƙafafun teburin na gaba har kumfar ta dawo tsakiya. Ya sake ɗora faifan, ya tafi daidai, sai ya ji hankalinsa ya kwanta.

Laraba da hantsi sai da ya ƙara kwali a kan takardar.

Da ya sauko cin abincin rana ya tarar Verna ba ta taɓa nata ba. Ta nuna masa bargonta. Wani farin gari ne ya yi layi a kai, siriri, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ɗaga kai. Filastar silin ta tsage daidai inda tsohon bangon nan yake a da, kuma fitilar tsakiyar ɗakin ta ɗan sauko, har ana ganin wayarta.

"Cornell, zauna." Ba ta yi wasan da ta saba ba. "Ina jin tafiyarka a kaina. Da can takunka kawai nake ji. Yanzu in ka taka can, nan ne yake amsawa, wani abu yana ƙas-ƙas kamar ana karya tsinke. Tsoro nake ji. Ban taɓa ce maka ka rabu da kayan nan ba, ko sau ɗaya, kai shaida ne. Yau ina roƙon ka, ka sauke su daga kaina."

"Saura katan ashirin da biyu, Verna."

"To ka fitar da gadon nan falo."

"Sai an kwance shi kafin ya fita ta ƙofar nan, kuma mutanen asibiti ne suke da abin kwancewa. Kujerar falo kuma kin san likita ya ce ta yi ƙasa da yawa."

"To kai ni gidan ƙanwata."

"Ki je ki ce mata me? Mijina zai rusa min gida a kai? Kin san bakin Darlene, kafin Lahadi duk coci sun ji." Ya kama hannunta. "Kwana biyu. Jumma'a da safe zan kira mutanen nan, ko na gani ko ban gani ba. Na yi miki alkawari."

Ta daɗe tana kallonsa. Ita ta san mijinta ba maƙaryaci ba ne, kuma abin da ya fi ba ta tsoro ke nan, don ta ga shi kansa ya yarda da abin da yake faɗi.

Da yamma Hollis ya kira shi a waya. Verna ce ta fara kiran Hollis ɗin, ba ta ɓoye ba.

"Mutumina, ka haukace ne? Silin ya tsage kana sama kana sauraron waƙa?"

"Filasta ce kawai."

"Filastar ubanwa! Bari in gaya maka, a jikin bango daɓe yana da ƙarfi, shi ya sa dubu takwas ɗinka suka zauna lafiya. Tsakiya kuwa ba abin da yake riƙe da ita sai katakon da ya ratsa, kai kuma ka cire bangon da ke tallafe da shi, ka ɗora masa nauyin mota. Ka zo da su shagona, zan ba ka bayan kanta. Ba zan taɓa ko ɗaya ba."

Cornell ya fara lissafi. Hollis abokinsa ne na shekara ashirin da biyar, amma Hollis ma yana cikin shidan nan na bakin kabari. Katan ashirin da biyu da ba a duba ba, a bayan kantar Hollis, da makulli a aljihun Hollis?

"Na gode. Jumma'a zan gama."

"Au, tsoron kada in sace maka kake yi?" Hollis ya yi wata dariya marar daɗi. "To ka riƙe. Amma ka fitar da baiwar Allahn nan daga ɗakin yau, ko a mota ne ta kwana."

Bai fitar da ita ba. Ya dai ja gadonta taku biyu zuwa wajen taga, ya ce ai yanzu ba ta ƙarƙashin tsagar.

Alhamis aka tashi da ruwan sama, irin mai sanyi da yake narkar da ragowar ƙanƙara ya mai da tsakar gida taɓo. Cornell ya hau sama tun bakwai. Ya daina goge komai, ya daina saurare, leƙe kawai yake yi yana jefarwa gefe, yana tafiya a hankali da safa a 'yar hanyar da ke tsakanin katan ɗin. Yanzu shi ma yana ji a tafin ƙafarsa. Daɓen yana gangarawa zuwa tsakiya, yana kuma ɗan lotsawa in ya taka. Tsoro ya kama shi sosai, amma maimakon tsoron ya sauko da shi sai ya ƙara masa sauri.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, a katan na sittin da uku, ya zaro wata tsohuwar riga ta koyon harshen Faransanci, gefenta duk ya cinye. Ya leƙa.

Ja.

Ya zauna a kan katan. Ya zaro shi a hankali, yana riƙe da gefe da gefe kada yatsa ya taɓa fuskar. Ko a hasken ranar ruwa sai da ya yi ƙyalli, babu karce ko ɗaya. A tsakiya, da shuɗin biro, wani ma'aikacin ƙarfe da ya daɗe da mutuwa ya rubuta 41. Cornell ya buɗe baki zai kira Verna ya gaya mata an gama, wahalarta ta ƙare.

Wani abu ya fashe a ƙarƙashinsa kamar an harba bindiga. Daɓen ya sauka da shi kamar taƙi guda ya tsaya. Katan ɗin da ke saman jeri suka sunkuyo, ɗaya ya faɗo ya tarwatse.

"Cornell!"

Ya mayar da faifan cikin rigar kwalinsa. Ko a wannan lokacin sai da ya mayar. Ya bi jikin bango ya fita, ya sauka da gudu. Ƙofar Verna a rufe take. Ya murɗa, ya tura, ya sa kafaɗa, ya ja baya ya doke ta da ƙafa. Katakon saman ƙofar ya sauko ya danne ta, ko motsi ba ta yi. Ta ƙasan ƙofar farar ƙura tana fitowa.

"Verna! Kina lafiya?"

"Filasta tana zubowa! Katako ya leƙo, ina ganinsa!"

"Je ki taga! Ina zagayowa!"

Ya waiga yana neman inda zai ajiye faifan. A cikin gidan da yake shirin faɗuwa? Ya fita da shi. A baranda akwai kujera, amma iska tana kaɗo ruwa har kanta. Bai tsaya ba. Ya cusa faifan cikin rigar sanyinsa, ya matse shi da hammatar hagu, ya bi gefen gida da gudu cikin taɓo, da safa kawai a ƙafarsa.

Verna ta riga ta kai taga, ta ɗaga gilashin da kanta. Gashinta ya yi fari fat da ƙura. A bayanta silin ya yi ciki kamar buhun da aka cika da ruwa, yana ƙara, yana zubar da gari. Tagar ba ta da tsayi sosai, daga waje ta kai wa Cornell ƙirji. Mai lafiya tsalle ɗaya zai yi. Verna ta ture ƙarfen dogarawarta gefe, ta zauna a bakin tagar, ta ɗago lafiyayyar ƙafar ta fitar, sannan ta kama ɗayar da hannu biyu ta ɗaga ta tana cije leɓe.

"Ba zan iya dira a kanta ba. Ka tare ni. Zan saki jiki, ka rungume ni."

"Taho, ina nan."

Ta miƙo hannu biyu. Ya miƙa na dama.

Ba shawara ya yanke ba, kuma har ya mutu zai yi ta faɗin haka. Jikinsa ne ya san cewa in ta faɗo masa a ƙirji da dukan nauyinta, abin da ke cikin rigar zai tsage biyu. Kafaɗarsa ta hagu ta juya baya da kanta, hammatar ta ƙara matsewa. A cikin ɗakin wani katakon ya sake fashewa. Verna ta saki jiki.

Hannu ɗaya bai riƙe ta ba. Ta zame ta gefensa, yatsunta suka kama wuyan rigarsa suka kuɓuce, ta faɗi a taɓo a kan ƙugun da aka yi wa aiki. Ihunta bai gama fita ba ɗakin sama ya sauko cikin na ƙasa. Ƙasa ta girgiza. Ƙura ta feso ta taga, gilashin ya tarwatse, baƙaƙen faya-fayai suka riƙa sulalowa ta bakin tagar suna faɗawa cikin ruwa. Inda gadon yake babu komai sai tulin katako da katan.

Maƙwabciyarsu ta fito da gudu, waya a kunne, tana faɗa wa masu motar asibiti lambar gidan. Cornell ya durƙusa a taɓon kusa da matarsa. Ƙafarta ta juya wani irin juyi da ƙafa ba ta yi. Ruwa yana wanke ƙurar fuskarta yana gangarawa cikin kunnenta.

"Verna. Verna, kin fita, kin tsira. Ga su nan zuwa. Kada ki motsa."

Ba ta kallon fuskarsa. Hannunsa na hagu take kallo, wanda har yanzu yake manne da haƙarƙarinsa, da kusurwar kwalin da ta turo rigar sanyin. Ta yi numfashi sau biyu, uku, tana tattara muryarta. Da ta yi magana, a hankali ta yi, babu faɗa a ciki, irin muryar da take tambayarsa ko ya sha maganinsa.

"Bai jiƙe ba ko?"

Cornell ya ɗaga bakin rigar ya duba.

Da ya ɗago, ta riga ta juya fuskarta wajen maƙwabciyar, ta miƙa mata hannu.